Hawan Dutsen Kilimanjaro: Jagora Daga Shirin Gida Har Zuwa Ƙololuwa

Dutsen Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya, kuma tsayinsa mita 5,895 ne daga matakin teku. Duk Afirka babu wanda ya kamo ƙafarsa. Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, ko rabin Kilimanjaro bai kai ba. Amma duk da wannan tsayi, hanyoyin da akasarin mutane ke bi ba sa buƙatar igiya ko ƙugiya ko wata ƙwarewa ta musamman. Tafiya ce da ƙafa, yau da gobe, har a kai. Shi ya sa ake ganin dattawa 'yan shekara sittin sun kai ƙololuwa sun ɗauki hoto, ga kuma samari majiya ƙarfi ana gangarowa da su a gadon marasa lafiya. Abin da ya raba su shi ne yawan kwanakin da kowa ya ba jikinsa ya saba da ƙarancin iska. Duk shawarar da ke cikin wannan jagora a kan wannan batu take juyawa.

Mataki na farko: asibiti, tun kafin maganar kuɗi

Ka san nau'in jininka, wato ko AA ne, ko AS, ko SS, ko SC. Wannan magana ta fi shafarmu fiye da Turawan da suka cika dutsen, domin a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila. A ƙololuwar Kilimanjaro, iskar oksijin da huhu ke samu a kowane numfashi kusan rabin wadda ake samu a bakin teku ce. Ƙarancin oksijin, da sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, kuma dukkan ukun suna jiranka a can. Mai SS ko SC ya cire wannan hawa daga ransa gaba ɗaya. Mai AS kuma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, ya sani cewa likitoci sun tabbatar da masu irin jininsa kan gamu da toshewar jini a saifa idan suka hau wuri mai tsayi sosai suna aikin ƙarfi. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ya zauna da likita, a faɗa masa gaskiya, sannan ya yanke shawara.

Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko matsalar zuciya shi ma likita ne zai sa masa hannu. A wannan zaman ne za ka tambayi batun maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox. Yana taimaka wa jiki ya saba da tsayi da wuri, kuma yawanci ana ba da miligiram 125 sau biyu a rana. Yana sa yawan fitsari da ɗan tsikari a yatsu da leɓe, lemon kwalba ma sai ka ji ya zama salaf a baki. Wanda magungunan sulfa ba sa karɓarsa ya faɗa wa likita. Ka gwada shi kwana ɗaya ko biyu a gida, don kada ka fara sanin halinsa a kan dutse.

Mataki na biyu: zaɓen wata

Damina biyu ake yi a yankin: babba daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, ƙarama a wajajen Nuwamba. Lokutan hawa su ne Janairu zuwa farkon Maris, sai Yuni zuwa Oktoba. Yuli da Agusta sun fi cunkoso, sun kuma fi sanyi, tunda dutsen yana kudu da tsakiyar duniya kuma lokacin ne hunturunsu. Ka duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin Ramadan. Mai hawa yana buƙatar lita uku zuwa huɗu na ruwa a yini, ba abin da za a haɗa da azumi ba ne.

Mataki na uku: hanya da yawan kwanaki

A nan ake cin nasara, a nan ake faɗuwa, tun mutum yana zaune a ɗakinsa.

Marangu ita ce tsohuwar hanya, kuma ita kaɗai ce ake kwana a ɗakuna maimakon tanti: Mandara, Horombo, sai Kibo. Ana tallata ta a matsayin mai sauƙi kuma mai araha, ana gama ta a kwana biyar. To a nan gizo ke saƙar. Kwana biyar na nufin a dare na uku kana kwance a mita 4,700, da tsakar daren kuma a tashe ka a nufi ƙololuwa. Jiki kaɗan ne ke yarda da wannan. Idan dole sai Marangu, ka biya kwana shida, ka ƙara dare ɗaya a Horombo.

Machame tana bi ta kudu maso yamma, tana da hawa da gangara, kuma wannan hawa da gangarar ne amfaninta, domin da rana kana hawa sama sosai, da dare ka sauko ka kwana ƙasa. Ana yin ta a kwana shida ko bakwai. Lemosho tana farawa daga yamma, ta ratsa filin Shira, sannan ta haɗe da Machame, kwana bakwai ko takwas. Rongai tana tasowa daga arewa ta wajen Kenya, ruwan sama bai cika damunta ba. Umbwe gajera ce mai tsananin tsayuwa, ba ta sabon shiga ba ce.

A ganina, mutumin da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda ƙasa ba ta wuce mita 500 daga matakin teku ba, kada ya karɓi abin da ya gaza Machame ta kwana bakwai. In aljihu ya yarda, Lemosho ta kwana takwas ta fi. Likitocin tsaunuka suna ba da shawarar cewa da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya riƙa ƙaruwa da fiye da mita 500 a kowane dare. Babu hanyar Kilimanjaro da ta cika wannan ƙa'ida daidai, amma dogayen hanyoyin sun fi kusa da ita.

Mataki na huɗu: kamfani da lissafin kuɗi

Doka ta hana hawa ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, don haka sai ta hannun kamfani. Yaro ƙasa da shekara 10 ba a barinsa ya hau. Hukumar gandun dajin, KINAPA, tana karɓar kuɗinta ne a kan kowane yini, kuma ɗan Nijeriya ko Nijar yana biya kamar Bature, rangwamen na 'yan ƙasashen Gabashin Afirka ne da baƙi mazauna Tanzaniya. A jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi, dala 70 ne kuɗin shiga a kowane yini, dala 50 kuɗin kafa tanti a kowane dare, dala 20 kuɗin ceto, sannan a ɗora harajin kashi 18 cikin ɗari. Ka buga lissafin kwana bakwai, za ka ga ya haura dala 950, tun ba a sayi ko ƙwai ɗaya ba.

To idan wani ya ce zai kai ka a kan dala 1,200, ka tambayi kanka daga ina zai ciyar da kai mako guda, ya biya ɗan jagora, da mataimakinsa, da kuku, da 'yan dako uku ko huɗu da kowane mai hawa ke buƙata. Amsar ita ce daga haƙƙin 'yan dakon zai yanka: abinci sau ɗaya a rana, kaya fiye da kilo 20 da doka ta ƙayyade, takalmin roba a cikin ƙanƙara. Farashin da ya yi kama da gaskiya yana farawa daga wajen dala 2,000 zuwa sama. Akwai ƙungiyar KPAP da ke Moshi, garin da ke gindin dutsen, mai sa ido kan yadda ake biyan 'yan dako, tana kuma fitar da jerin kamfanonin da suka cika sharuɗɗanta. Ka fara dubawa daga nan.

Kafin ka tura kafin alƙalami, ka nemi amsa a rubuce: 'yan jagora nawa ne ga masu hawa nawa, suna ɗaukar tukunyar oksijin ta gaggawa, suna auna oksijin na jini safe da yamma, kuma idan mutum ɗaya ya kasa, akwai wanda zai sauko da shi ba tare da an mayar da kowa baya ba. Ka kuma gaya musu tun yanzu cewa ba ka cin naman alade, domin tsiran Turawa yakan fito a karin kumallo.

Inshora ma dole ce, kuma ka karanta ta da kyau. Yawancin inshorar tafiya ba ta ɗaukar abin da ya faru a tsauni mai tsayi. Wadda kake nema ita ce mai ɗaukar nauyi har mita 6,000, haɗe da jirgi mai saukar ungulu.

Mataki na biyar: takardu

Masu fasfon Nijeriya, Nijar da Chadi suna cikin rukunin da ba a ba su biza a filin jirgin Tanzaniya. Ana nema ta intanet, a jira hukumar shige da fice ta amince, kuma abin yakan ɗauki makonni. Ka nema da tazarar wata biyu, kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai amincewar ta fito. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Katin allurar shawara ma za a nema, kuma sai allurar ta cika kwana 10 take aiki. Jirgin Habasha yana tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can a sauya zuwa filin jirgin Kilimanjaro, wanda ke tsakanin Moshi da Arusha. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Kada ka zuba leda a jaka: tun Yunin 2019 aka haramta ta a ƙasar.

Mataki na shida: horo da kaya

Wata uku ya isa ga mai lafiya. Ba gudu ake nema ba, jimirin tafiyar awa biyar zuwa bakwai ake nema, yau ka yi, gobe ka sake. Mutumin Kano yana da Dala da Goron Dutse, ya hau ya sauka ya maimaita da jaka mai kilo shida a baya. Na Zariya yana da Kufena. Wanda zai iya zuwa Jos ya yi kwana biyu a tsaunukan Shere ya more, domin can ne zai ɗanɗana doguwar tafiya a kan duwatsu cikin sanyi. Ka ba gangarowa muhimmanci kamar hawa, ita ce ke cin gwiwa.

Takalmi shi ne abu ɗaya da ban yarda a yi hayarsa ba. Ka sayi mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, ya ɗara ƙafarka kaɗan don ya ɗauki safa mai kauri, kuma ka yi duk horon nan da shi. Sabon takalmi a kan dutse bororo ne kawai.

Sauran kayan sanyi kuwa ana samunsu a gwanjo, a Ƙofar Wambai ko kasuwannin Jos, idan mutum ya san abin da yake nema. Ka duba takardar da ke wuyan riga: auduga ba ta da amfani a nan, tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta yi sanyi a jikinka. Ulu ko zaren roba ake so. Tsarin shi ne hawa-hawa: 'yar ciki mai kama jiki, suwaita a kai, babbar rigar sanyi mai gashin tsuntsu a ciki, sannan rigar ruwa mai tare iska, wando ma haka. A haɗa da hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu siririya da kuma mai kauri, tocilan goshi da ƙarin batir, baƙin tabarau, da man kariya daga rana. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙonewa. A mita 4,000 hanci da leɓe suna saɓulewa. Man kaɗanya yana taimakon leɓe da dare. Jakar barci mai jure sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri da sandunan dogarawa ana hayarsu a Moshi. Gorar ruwa ta zama mai ƙwari wadda ake sake cikawa, robar ruwan sayarwa ba a shiga da ita gandun.

Kayanka za su kasu biyu: babbar jaka mai laushi da ba ta wuce kilo 15 ba, ɗan dako zai ɗauka, sai ƙaramar da kake goyawa mai ruwa, rigar ruwa da abin taɓawa. Dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi cakulan da ke daskarewa ya zama dutse.

Mataki na bakwai: Moshi

Ka iso da tazarar kwana biyu, don hutawa da kuma jiran jaka idan jirgi ya bar ta a baya. Moshi tana wajen mita 900, akwai sauro, a kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓi a kan dutse yana rikita ɗan jagora ya rasa ko ciwon tsauni ne. Wanda yake da lokaci da kuɗi ya fara da Dutsen Meru da ke kusa da Arusha, mita 4,566, kwana uku ko huɗu. Ana tafiya da ma'aikacin gandu mai bindiga saboda ɓauna, ana wuce raƙuman dawa a ƙasa. Wanda ya sauko daga Meru ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya riga ya yi rabin aikin sabo.

Mataki na takwas: kwana bakwai a hanyar Machame

Ranar farko ana rajista a ƙofar Machame, mita 1,800, ana auna kayan 'yan dako a sikeli, sannan a shiga kurmi. Akwai laka, akwai danshi, akwai birai masu baƙi da fari da doguwar jela a saman itatuwa. Awa biyar zuwa bakwai ne zuwa sansanin farko, kusan mita 3,000. Tun daga nan za ka fara jin "pole pole" daga bakin ɗan jagora, wato a hankali a hankali da harshen Sawahili, kuma zai sa ka tafiyar da za ka ji kunyarta, kamar mai rakiyar amarya. Ka bi shi. Wanda ya wuce gaba yana taƙama a ranar farko, yawanci shi ake tallabowa a rana ta biyar.

Rana ta biyu kurmi yana ƙarewa, a fito sarari mai gajerun itatuwa, a kwana a Shira, wajen mita 3,800. Da rana ta faɗi sanyi yake sauka gaba ɗaya, da asuba ka tarar raɓa ta daskare a kan tanti. Tsarin sansani kusan ɗaya ne kullum: kwanon ruwan ɗumi na wanke hannu da fuska, shayi da gugguru, miya mai zafi, shinkafa ko taliya ko tuwon masararsu, sai a maƙala maka ɗan na'urar auna oksijin a yatsa ana tambayarka ciwon kai da cin abinci. Hankakin dutsen masu farin wuya ba su da kunya, ka bar biredi a waje ka ga aiki.

Rana ta uku ita ce gwaji. Ana hawa zuwa Lava Tower, mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangara zuwa kwarin Barranco a kwana a wajen mita 3,950. Wato an wuni ana wahala amma wurin kwana bai ƙaru da abin kirki ba, kuma da gangan aka tsara haka. Mutane da yawa a ranar suke fara jin sarawar kai, ta kuma lafa bayan an sauko. Kwarin cike yake da wasu dogayen tsirrai masu kauri da tulin ganye a ka, waɗanda sai a manyan tsaunukan Gabashin Afirka ake ganin irinsu.

Da safiyar rana ta huɗu ga katangar Barranco a gabanka, sama da mita 250. Daga ƙasa tana ba da tsoro, amma hanya ce ta hannu da ƙafa. Ka naɗe sandunanka ka ɗaure a jaka. Akwai wani wuri matsattse da sai ka rungumi dutsen ƙirji da ƙirji ka ja ƙafa a hankali ka wuce. Idan ka ji 'yan dako a bayanka, da kaya a ka, ka raɓe ka ba su hanya. A kwana a Karanga, kusan mita 4,000. Masu kwana shida wannan daren suke tsallakewa, kuma shi ne daren da ya fi kowanne daraja. Kwarin Karanga ne ruwa na ƙarshe. Duk abin da za ka sha daga nan, a ka ake hawo da shi.

Rana ta biyar gajera ce, zuwa Barafu, wajen mita 4,670. Babu ciyawa, babu inuwa, duwatsu ne da iska. Ka ci abinci ko ba ka so, ka shirya kayan dare tun da haske, ka kwanta ko barci bai zo ba.

Ciwon tsauni: abin da za a jure da abin da ba a jurewa

Ciwon kai mai sauƙi, rashin son abinci, ɗan jiri da barci rabi da rabi, kusan kowa yana samu. Maganinsa ruwa, farasitamol, hutawa, kuma kada a ƙara hawa sai ya lafa. Abin da ba a wasa da shi iri biyu ne. Na farko ruwa a huhu: haki ko ana zaune, tari mai jiƙa, wani lokaci da kumfa mai ja-ja, leɓe ya sauya launi. Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa: mutum yana tangaɗi, ba ya iya tafiya a miƙe ƙafa gaban ƙafa, magana tana rikicewa, ko ya yi ta gardama marar kan gado. Kowanne daga cikinsu yana iya kisa cikin sa'o'i, kuma maganinsa gangarowa nan take, ko ƙarfe biyun dare ne. Tukunyar oksijin ta rakiyar mai sauka ce, ba ta ƙarasa hawa ba.

Matsalarmu ita ce dauriya da jin nauyi. Mutum ya tara kuɗi shekara biyu, ya sanar da dangi da abokai, sai ya ɓoye ciwo don kada a ce ya kasa. Idan ɗan jagora ya tambaye ka, faɗa masa yadda kake ji tsakani da Allah. Idan ya ce a juya, maganarsa ce ta ƙarshe. Kuma ka sa ido kan abokin tafiyarka, domin wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki.

Salla a kan dutse

Alƙibla daga Kilimanjaro tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya saba fuskantar mafitar rana ya kiyaye. Kai matafiyi ne, don haka kafin ka bar gida ka zauna da malaminka kan ƙasaru, haɗa salloli, taimama da shafa a kan huffi, saboda daga Barafu zuwa sama ruwa ƙanƙara ne kuma cire safa a wannan sanyin yana iya cutar da yatsu. A sansanonin ƙasa, ka roƙi kuku ɗan ruwan ɗumi a buta. Cikin ma'aikatan ma ba a rasa masu salla. Mata su nemi kamfanin ya haɗa da ƙaramin tantin banɗaki, kuɗinsa bai kai amfaninsa ba.

Mataki na tara: daren ƙololuwa

Wajen sha ɗayan dare za a tashe ka, a ba ka shayi da biskit, a kama hanya kusan sha biyu. Mita 1,200 ne a gabanka, awa shida zuwa takwas. Sanyi yana iya kaiwa digiri 10 zuwa 15 ƙasa da sifiri, in da iska ya fi haka. Ka cika gora da ruwan zafi, ka zura ta cikin safa, ka kifa ta baki ƙasa a cikin jaka, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa. Waya da batir su zauna a aljihun ciki kusa da jiki, in ba haka ba za ka isa wurin hoto ka tarar sun mutu.

Idan ka ɗaga kai za ka ga fitilun waɗanda ke gaba sun yi layi har sun haɗe da taurari, sai gwiwa ta yi sanyi. Gara ka zuba ido kan diddigen wanda ke gabanka. Taku ɗaya, numfashi ɗaya. Hutun minti biyar ya isa, wanda ya zauna ya daɗe sanyi ke kama shi. Tsakanin ƙarfe uku da biyar ne lokaci mafi tsanani, barci yana fizga, yatsu ba sa ji, kuma a nan mutane suka fi cewa sun haƙura. Idan gajiya ce kawai, ka jefa dabino a baki ka ci gaba. Idan tangaɗi ne ko amai ba ƙaƙƙautawa, wannan wata magana ce.

Gangaren ƙarshe tsakuwa ce mai zamewa har zuwa Stella Point, mita 5,756, a bakin ramin tsohon aman wuta da ke saman dutsen. Yawanci a nan gari ke wayewa, rana ta fito ta bayan Mawenzi, ɗaya daga cikin kawunan dutsen uku. Saura kusan awa ɗaya a kan gefen ramin, ana wuce ragowar katangun ƙanƙara waɗanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasu ya narke tun daga 1912. Sai allon Uhuru, wato ƙololuwar kanta. Bajamushe Hans Meyer da abokinsa Ludwig Purtscheller ne aka rubuta sun fara kaiwa nan a 1889, kuma a Disambar 1961, lokacin 'yancin Tanganyika, wadda daga baya ta haɗe da Zanzibar suka zama Tanzaniya, wani hafsan soja mai suna Alexander Nyirenda ya hawo da wutar 'yanci ya kafa. Minti goma zuwa sha biyar ya ishe ka, a yi hoto a juya.

Mataki na goma: saukowa da sallama

Ana yawan mantawa da cewa ranar ba ta ƙare ba. Awa biyu zuwa uku ne a koma Barafu cikin ƙura da tsakuwa, a ɗan kishingiɗa, a ci abinci, sannan a sake gangara awa uku ko huɗu zuwa sansanin Mweka, mita 3,100. Jimilla awa 12 zuwa 15 a ƙafa. Ka ƙara tsawon sanduna, ka ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, farce yana fita a wannan gangara. Washegari a ƙarasa ƙofar Mweka, a karɓi takardar shaida: mai ruwan zinare ga wanda ya kai Uhuru, koriya ga wanda ya tsaya a Stella.

Tukuici a wannan aiki ba alfarma ba ce, wani ɓangare ne na abin da ma'aikatan ke dogaro da shi. Kowane mai hawa yakan ware dala 200 zuwa 300, gwargwadon kwanaki da yawan ma'aikata. Ka nemi sunayensu a rubuce, a sanar da rabon kowa a gaban kowa, ko ka sa a ambulan ka miƙa hannu da hannu. Rigar sanyi da safar hannun da ba za su yi maka amfani a Katsina ba, akwai mai buƙatarsu a nan.

Idan akwai sauran kwanaki

Ƙafa za ta yi tsami kwana biyu ko uku, don haka abin da ya dace shi ne na zaune ko na ruwa. Kusa da Moshi akwai maɓuɓɓugar Chemka mai ruwa garai-garai, da magangarar ruwa ta Materuni a ƙauyukan ƙabilar Chagga inda ake noman kofi. Daga Arusha ana shiga mota zuwa Tarangire, mai giwaye da manyan kukoki, da kwarin Ngorongoro mai zurfin kusan mita 600, inda ake iya dacewa da karkanda. Zanzibar kuma tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi, akasarin mutanenta Musulmi ne, kuma tun Oktoban 2024 baƙo sai ya sayi inshorar tsibirin ta dala 44 kafin ya shiga, ko da yana da wata. A gefen tsibirin Mnemba ake iyo da tabarau da bututun numfashi ana kallon kifaye. Mai son nutso da tukunyar iska ya tsara shi bayan dutse, kuma ya bar tazarar awa 24 tsakanin nutsonsa na ƙarshe da jirgin komawa gida.